A Bar Mana Abin da Ya Rage na Burtali

Zuwa ga Jami'in da ke jagorantar aikin dashen itatuwa a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka fatan alheri kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya dafa maka a kan nauyin da aka ɗora maka.

Sunana Hauwa'u. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kankiya, inda nake aure, amma a wata 'yar unguwa ta ƙasar Kaikai aka haife ni, kuma mahaifiyata tana can har yau. Ba mu taɓa haɗuwa da kai ba. Na je ofishinka aka ce kana zagaye, na koma aka ce an kira ka Katsina. Ban ga laifin kowa ba, na san aiki ne. Na rubuto a fili ne saboda maganar ta wuce ta gidanmu kaɗai, kuma lokaci ya ƙure. An gaya wa mai unguwarmu cewa kafin ruwa ya sauka ma'aikatanka za su dawo su share sauran burtalin da ke tsakanin maƙabartarmu da rafi, kamar yadda suka share na sama bara waccan. Ina roƙonka ka karanta abin da sharar farko ta jawo mana kafin a yi ta biyu.

Bari in fara gaya maka yadda wurin yake, don wataƙila a takarda kawai ka san shi. Gabas da unguwarmu akwai ɗan ragowar daji. Daga bakinsa burtali ya taso, wato hanyar shanu, ya bi ta bayan gonaki, ya gitta ta gefen maƙabarta inda manyan itatuwa suke, ya gangara har rafi. Da muna yara, gefensa biyu a cike suke da aguwa da sabara da geza da kalgo da magarya, ga aduwa da gawo nan da can, ga wata ɗorawa da muke hutawa a gindinta. Ba wanda ya dasa yawancinsu. Fitowa suka yi aka bar su, domin suna tare shanu daga faɗawa gona. Kusan kowane lokaci na shekara akwai abin da ke fure a wurin. In wannan ya gama wancan ya ɗauka. Idan aka aike mu rafi da safe, tun daga nesa muke jin gunjin ƙudan zuma. Akwai galla, 'yan ƙananan nan marasa harbi da ke lasar zufa a goshin mutum. Akwai malam-buɗe-littafi kala-kala, da baƙin ƙwaron nan mai ƙara da ke huda busasshen itace. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Korarsu muke yi daga fuska mu wuce.

Gonar Innarmu tana jingine da wannan burtali, sama kaɗan da maƙabarta. Tun rasuwar mahaifinmu, da duma ta riƙe mu. Tana shuka shi a gefen gero, ta bar shi ya yaɗu, in ya ƙosa ta fafe, ta kankare, ta fitar da ƙwarya da masaki da ludayi da ƙoƙo. Tana haɗawa da kabewa da ɗan riɗi. Da wannan ta kai ni makaranta, da shi ta aurar da mu. Yanzu mun girma, muna iya ɗaukar nauyinta, amma duk wanda ya ce mata ta huta ba za su kwashe lafiya ba. Ta ce ranar da ta daina fafar duma, a fara yi mata addu'a.

To, ga abin da nake kuka a kai.

Na farko, yadda aka yi sharar. Ba zan ɓoye maka ba, kafin ku zo burtalin ya riga ya rame. Shekara da shekaru masu gonakin gefe suna ɗan ci da garma, masu neman itacen girki suna sara. Amma tsakiyarsa, tsakanin daji da maƙabarta, yana nan da kaurinsa. Nan ma'aikatanka suka zaɓa. Suka zo da rani, da gatura da adduna, suka sare komai har ƙasa, suka tara suka cinna wuta. Da mutanen unguwa suka tambaya, aka ce za a dasa itatuwan kirki ne a madadin ƙaya da ciyayi. Aka zagaye wurin da waya, ruwa na sauka aka jera dashen itacen turare layi-layi. Na gan su da idona, sun yi kyau a lokacin. Rani na zuwa, ba mai ba su ruwa, yawancinsu suka bushe. Yau idan ka tsaya a bakin wayar, fili ne fetal, sai tsinkayen dashen da suka mutu a tsaye. Ba a tambayi kowa a unguwar ba kafin a fara, ko da mai unguwa. Sanar da shi aka yi.

Na biyu, abin da ya sami gonar Inna, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A daminar da ta biyo bayan sharar, dumanta ya yi yaɗo kamar ba a taɓa yi ba. Ganye shar, fure fari fat ko'ina. Tana ta murna. Amma sai gunda, wato ɗan ƙaramin duman da ke gindin fure, ta fito kamar kan yatsa, ta yi rawaya, ta faɗi. Wata ta fito, ita ma ta faɗi. Inna ta zuba toka, ta ƙara taki, ta canza inda take ɗibar iri, ta yi sadaka. Kabewa ma haka, sai ɗaya-ɗaya. Da kaka ta yi, abin da ta fafe bai cika kwando ba.

Ni na je na roƙi malamin gona na yankinmu, Malam Lawal, ya zo ya duba mana, don na zaci cuta ce. A nan dole in yaba. Mutumin kirki ne, ya hau babur ɗinsa ya zo a damina ta gaba ba tare da ya nemi komai ba. Ya zagaya gonar, ya ɗaga ganye, ya tona gindi. Sai ya ce zai jira yamma. Muka zauna da shi a kan kunya har rana ta yi ja, furannin duma suka fara buɗewa, don da yamma suke buɗewa. Ya zuba wa furannin ido. Can ya juyo ya ce, "Inna, dumanki lafiyarsa ƙalau. Baƙinsa ne ba su zo ba."

Ya nuna mana cewa furen duma iri biyu ne, namiji da mace, kuma macen ce mai gunda a gindi. In ba a ɗauko garin da ke cikin namijin an kai wa macen ba, gundar ba za ta zauna ba. Masu wannan aiki su ne ƙwarin da ke shawagi da magariba suna shan ruwan fure. Na kabewa kuma ƙudan zuma ne da sassafe. Ya ce waɗannan halittu ba a gona suke zama ba. Gona 'yan watanni kawai take ciyar da su, sauran shekara sai daji. Suna buƙatar furen da za su sha da rani, da kogon itace ko ƙasar da garma ba ta taɓawa inda za su yi gida, da ganyen da 'ya'yansu za su ci. Kuma da yawansu, musamman ƙananan, ba sa iya ratsa fili mai faɗi da ba inuwa ba fure. Daga wannan kurmi suke tsallakawa zuwa wancan. Burtalin nan da muke cewa hanyar shanu, ashe su ma hanyarsu ce, daga daji zuwa maƙabarta zuwa rafi. Da aka yanke shi a tsakiya, na daji suka tsaya a daji. 'Yan kaɗan da suka rage a itatuwan maƙabarta, in feshi ko wuta ta kashe su, babu ta inda wasu za su zo su maye gurbinsu.

Ya yi mana adalci, ya ce ba zai rantse cewa sharar kaɗai ce ta jawo ba. Feshin maganin ƙwari ya yi yawa a gonakin wake, masu cin zuma da wuta suna ƙone gida ɗungurungum, ruwa ma ba ya zuwa yadda aka saba. Ni ma ba zan ɗora maka abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne, feshi da wuta sun daɗe tare da mu, duma kuma yana zama. Shekarar da aka share bayan gonarmu ya daina.

Kafin ya tafi, Malam Lawal ya koya wa Inna yadda za ta yi aikin da hannunta. Ranka ya daɗe, da ka ga wannan, da ban sha wahalar rubutu ba. Duk yammacin damina, in rana ta kusa faɗuwa, tsohuwar nan za ta ɗaure zane ta shiga cikin yaɗo. Ta tsinko namijin fure, ta yaye fararen ganyensa, ta sunkuya ta nemo mace, ta goga a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta matsa gaba. Lokacin kaɗan ne, tsakanin buɗewar fure da kiran sallar magariba, idonta kuma ya yi rauni. Da yatsa take laluben gindin furen ta ji ko akwai gunda. Ranakun da ba makaranta nakan zo in taya ta. Takan miƙo mini fure ta ce, "Hauwa, duba mani wannan, mace ce ko namiji? Idon nan ya fara yi mani ƙarya."

Wata rana yaɗo ya harɗe mata ƙafa ta faɗi a kan gwiwa. Na ruga na ɗago ta. Sai na ga dariya take yi, furen yana nan a hannunta bai ko murƙushe ba. Ta ce, "Kin ga ikon Allah, da tsufana na zama ƙwaro." Na taya ta dariya a gabanta. Da na koma Kankiya na shige ɗaki na yi kuka. Gwiwar ta kumbura, ta daɗe tana sallah a zaune.

Dabarar ta yi aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Duk furen da hannunta ya kai gare shi ya zauna. Amma iyakar inda bayanta ya yarda, nan amfanin ya tsaya. Abin da ƙwari ke gamawa a yamma ɗaya ba tare da an ce musu sannu ba, mace mai jikoki ba za ta gama shi a damina guda ba.

Na uku, wayar ta toshe hanyar shanu. Wannan ka san haɗarinsa fiye da ni. Makiyayan da ke bayan daji yanzu sai sun zagaya ta bakin titi kafin su kai rafi, wasu kuma su ratsa ta gefen gonaki. An fara 'yar tsama da ba mu saba da ita ba, dattawa ne ke ta kwantarwa. Amma ni wani ƙaramin abu zan ba ka labari.

Inna tana da ƙawa Bafulatana, muna kiranta Gwaggo Dijja. Tun kafin a haife ni suke tare. Ta burtalin nan take biyowa da ƙwaryar nono a ka, ta tsaya a gonarmu, su zauna a gindin ɗorawa. Ita ta kawo nono da man shanu, Inna ta ajiye mata ƙore mafi kyau na shekara. Ban taɓa jin sun yi ciniki ba. Tun da aka sa waya zuwanta ya yi wuya, don ita ma ƙafa ta gaji, zagayen kuma da nisa. Da za a aurar da jikarta, tun da wuri ta gaya wa Inna cewa ita za ta fitar da ƙoren da za a jera wa amarya, ka san yadda ƙwarya take a wurinsu. Inna ta amsa da farin ciki. Sai shekarar ta zo yadda na gaya maka.

Ina gida ranar da Gwaggo Dijja ta iso, ta sha hanya, ƙafafunta duk ƙura. Suka gaisa, suka sha ruwa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Sai ga ta da ƙorenta na aure, waɗanda kakarmu ta fafe mata da hannunta, sun yi ja saboda daɗewa, mu ko taɓa su ba a bari mu yi. Ta ajiye a gaban ƙawarta. Gwaggo Dijja ta dube su, ta gane su, ta ce, "A'a, Rabi. Mayar da su. Yarinya ta ci a roba, ba mutuwa za ta yi ba." Inna ta ce, "Na ce maki zan ba da. Gona ba ta ba ni ba, ɗaki ya ba ni. Ɗauki." Daga baya Gwaggo Dijja ta kwance mayafinta ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ba na kawo wannan don in sa ka jin kunya ba. Na san babu wanda ya zauna a ofis ya ce bari a cuci tsofaffi biyu. Niyyar aikinku mai kyau ce. Mu ma muna ganin yadda ƙasa ke tsirancewa, muna son itatuwa. Kuskuren dai shi ne an ɗauka abin da ba a dasa da hannu ba, ba itace ba ne.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A dakatar da sharar burtalin ƙasa, na tsakanin maƙabarta da rafi. Shi kaɗai ya rage da kaurinsa, kuma masu lambun bakin rafi sun ce har yanzu suna ganin ƙudan zuma a furen kabewarsu da safe. In an share shi, su ma za su shiga layin Inna. Wannan shi ne babban roƙona, in ma shi kaɗai aka amsa na gode.

A cikin wayar nan ta sama, kututturan sabara da geza da kalgo sun fara tohowa da kansu, ba wanda ya ba su ruwa. Mai gadin da kuka sa a wurin yana sare su, don an ce masa ya tsabtace fili. Shi umarni yake bi. A canza masa umarnin, a ce ya bar su, ya rage musu rassa kawai su miƙe. Wannan ba ya buƙatar a sayo komai. A kuma buɗe wayar ta inda shanu suka saba bi, a kare tohon da ƙaya har ya yi ƙarfi.

Idan za a sake dashe, ina roƙon a dasa a tsawo, a bi burtali da iyakokin gonaki da gaɓar rafi, yadda ragowar daji da maƙabarta da fadama za su sake riƙe hannun juna. A haɗa da itatuwan ƙasarmu masu fure a lokuta daban-daban, irin su magarya da gawo da aduwa da ɗorawa da tsamiya. Ban ce turare da dogon-yaro ba su da amfani ba. Muna son azara, muna son inuwa a makarantu da bakin titi. A ba su wurinsu, kada a tuge wani don a zaunar da su.

A taimaka wa malaman gona su zaga unguwanni su yi wa mutane bayanin da Malam Lawal ya yi mana, musamman a kan feshi: kada a yi shi lokacin da fure yake buɗe ƙwari na kai, kada a fesa a jikin shinge. Yawancin masu yi ba su sani ba ne, kamar yadda mu ma ba mu sani ba.

Sannan duk inda za a sa gatari, a fara zama da mutanen wurin, manoma da makiyaya, har da mata. Zama ɗaya a ƙofar mai unguwa da ya isa.

Kada ka zaci mun naɗe hannu muna jiran hukuma. Bayan faɗuwar Inna, maganar ta zaga unguwa. Mai unguwa ya tara masu gonakin da ke bakin burtalin sama, aka yi ta ja-in-ja, don ba wanda ke son rasa ko kunya ɗaya. A ƙarshe yawancinsu suka yarda kowa ya janye garmarsa kaɗan ya mayar wa burtali abin da aka ci. 'Ya'yan Gwaggo Dijja suka saro rassan aguwa daga wajen rugarsu suka kawo a amalanke, don yanzu ne lokacin kafa ta, kafin ruwa. Mata suka tara ƙwallon magarya da na aduwa. Inna ba ta iya haƙa rami, sai ta sa aka kai mata tabarma, ta zauna tana miƙa rassa tana gyara wa mutane layi. Yanzu in ka zo za ka ga sandunan aguwa a jere sun taso daga maƙabarta sun haura har jikin waya sun tsaya. Daga bakin daji ma wasu sun gangaro har jikin waya sun tsaya. Abin da ke tsakani ba mu da ikon taɓa shi. Yana hannunka.

Kafin in aika da wannan takarda na je na karanta wa Inna ita. Akwai wani wuri da na yi zafi, ta sa na cire. Ta ce, "Ɗiyata, ba a roƙo da faɗa. Mutumin nan itace ya zo shi dasa mamu, ai mai son mu ne." Ta tambaye ni ko na san mahaifiyarka tana da rai, na ce ban sani ba. Ta ce in tana da rai a gaishe ta, in kuma ta riga mu gidan gaskiya Allah Ya haskaka kabarinta. Sannan ta ce in gaya maka, in ka sami sarari ka zo ku taka wurin tare, amma ka yi haƙuri da tafiyarta, a hankali take yi yanzu.

Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai mai albarka. Allah Ya sa duk abin da ka dasa ya rayu, ya yi inuwa, ya zame maka sadaka mai gudana. Allah Ya yi maka jagora a wannan shawara, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Hauwa'u, 'yar Inna Rabi,
Kankiya.